Tsagar da ke Bayan Kunnen Nomau

A zamanin Sarki Jatau na Birnin Zaunau, a shekarar da dawa ta yi tsawon da mahayi ke ɓacewa in ya shiga gona, labari ya iso fada cewa Sarkin Kwargaba ya tara runduna a tsallaken Gulbin Maje, yana jiran ruwa ya ja ya ƙetaro. Rabon ƙasashen biyu da gwabzawa shekara saba'in ke nan, tun ranar da Kaura Anaruwa ya tsaya a mashigin gulbin da mutum ɗari biyu, ya tare dubban Kwargabawa daga hantsi har la'asar, ya mutu a nan bayan sun juya. Babu wanda bai san waƙarsa ba a Zaunau, kuma kowa ya san waƙar ta ce ya tafi bai bar ɗa ba.

Ranar Lahadi da hantsi aka buga tambari, hakimai da sarakunan yaƙi suka hallara. Bayan an yi gaisuwa, Madawaki Barau, shugaban mayaƙan doki, ya gyara zama. Mutum ne mai faɗin ƙirji da kaifin baki, kuma jikan ƙanwar Kaura Anaruwa ne, abin da ba ya bari a manta.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Jiya zuma ta sauka a Ƙofar Arewa, ta yi dandazo a saman ƙyaure. Masu duba sun ce baƙi ne za su shigo ta nan. Zaki, ni ban iya duba ba, amma ina da ido. A dubi fuskar wanda ke riƙe da mabuɗin ƙofar."

Gaba ɗaya fada ta juya ta dubi Nomau, Sarkin Ƙofar Arewa, wanda ke zaune can kusa da bango. Mutanen Zaunau tsaga biyu suke yi a gefen baki. Nomau kuwa uku-uku ne gare shi, daga gefen ido zuwa kunci, irin ta Kwargabawa sak.

Madawaki ya ci gaba, "Lokacin zaman lafiya mun kau da kai. Yanzu kuwa abokan gaba suna bakin gulbi, mabuɗin garinmu yana rataye a wuyan wanda ke ɗauke da zanensu. Shawarata a karɓe shi, a ƙetarar da mutumin nan da iyalinsa wajen danginsa."

Limamin fada ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, zuma tana sauka inda ta ga inuwa. Sarkin Ƙofa ya yi shekara goma sha takwas a ƙofar nan, ko akuya ba ta shiga ba da saninsa ba. Tun yana ɗan baka yake yi wa gidan nan hidima."

Sarki Jatau ya juya ga Nomau. Ya ce, "Sarkin Ƙofa, wane ne ubanka?"

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa. "Arzika mai haƙar rijiya, Allah ya ba ka nasara. Ya rasu ina ɗan shekara tara."

"Kakanka fa?"

Shekara arba'in da biyar Nomau yana duniya bai taɓa yi wa kowa wannan tambayar ba, don tsoron amsar da zai ji. Ya ce, "Ban sani ba, Zaki."

Sarki ya ce, "Ba na hukunta mutum a kan fuskarsa, ba kuma na wasa da ƙofar gari. Ajiye mabuɗi. Na ba ka kwana huɗu ka nemo asalinka. Iyalinka za su zauna a gida, dogarai a ƙofa. In Alhamis ta yi ba ka zo da abin da hankali zai kama ba, maganar Madawaki za a bi."

Nomau ya cire igiyar mabuɗin daga wuyansa, ya ajiye gaban Sarki, ya fita yana jin wuyan kamar ba nasa ba.

Bai nufi gida ba, don ba zai iya kallon matarsa da 'ya'yansa mata uku ba. Ya yi ta tafiya cikin gari yana tunanin wanda zai tambaya. Abokan ubansa duk sun mutu. Sai da ya zo wucewa ta bakin kasuwa ya ga wani wanzami yana wasa aska, sannan abin ya faɗo masa: tsaga ai hannu ne ya yi ta, kuma hannun yana da gida. Ya juya ya nufi unguwar wanzamai, wajen Sarkin Aska Cindo, dattijon da idonsa ya fara dushewa amma yatsunsa ba su manta komai ba.

Cindo ya saurare shi, ya ce, "Matso nan, Sarkin Ƙofa." Ya bi tsagar da yatsa a hankali, dama da hagu. "Zanen na Kwargaba ne, amma hannun ba nasu ba ne. Su daga ƙasa suke ja zuwa sama. Wannan daga sama aka sauko da ita. Aikin gidanmu ne." Sai ya kama kunnen Nomau na hagu ya lanƙwasa, ya shafa bayansa, ya tsaya cak.

"Wannan fa, ka san da ita?"

"Tabo ne, Baba. Na ɗauka faɗuwa na yi ina ƙarami."

"Ba faɗuwa ba ce. Tsaga ce, gajera, a gicciye." Muryar tsohon ta sauya. "Mahaifina ya ce mini mutum uku kaɗai gidanmu ya yi wa ita. Kakana ya yi wa biyu, shi ya yi wa na ukun. Bai faɗa mini sunayensu ba, ya ce rantsuwa ce a kansa. Abin da ya bar mini shi ne, in mai ita ya zo da ƙafarsa yana tambaya, in tura shi Rafin Ɗinya, gidan masu haƙar rijiya. Na tsufa ina jira, har na fid da rai."

Rafin Ɗinya tafiyar yini ce ta yamma. Washegari Nomau ya yi sammako shi kaɗai a kan wata tsohuwar goɗiya, ya isa da la'asar sakaliya. Gidan masu rijiya ya zama kango sai ɗaki biyu. A gindin wata ɗinya ya tarar da tsohuwa tana tsinke gyaɗa daga kara. Sunanta Yada. Ya yi sallama, ta ɗago ta dube shi, ƙoƙon da ke cinyarta ya zame.

Ta ce, "Arzika."

"Ɗansa ne, Iya."

"Kada ka ce mini Iya. Gwaggo za ka ce. Tare muka tashi da ubanka a tsakar gidan nan, ni ce nake goya shi." Ta jawo shi ta zaunar, ta duba bayan kunnensa ita ma, sannan ta sa kuka marar sauti. Sai da ta sa ya sha fura ta yarda ta yi magana.

Ta ce, "Ka san waƙar Kaura Anaruwa. To, akwai abin da waƙar ta tsallake. Kafin yaƙin mashigi, Sarkin wancan zamani, kakan Sarkin yanzu, ya rasa wanda zai shiga Kwargaba ya gano masa ƙarfinsu. Kaura ya ce shi zai je. A lokacin bai yi suna ba, kuma ba shi da tsaga, don uwarsa ta yi ta wabi aka bar shi haka. Ya sa wanzami ya yi masa zanen Kwargabawa, aka yi wa ɗansa na goye, don mutum mai iyali ba a cika zarginsa ba. Aka ƙara musu 'yar tsagar nan a bayan kunne, don in sun faɗa hannun mutanenmu a gane su. Shekara uku suka yi a can yana sana'ar jima. Shi ya sa ranar mashigi ya san inda za su ɓullo."

Nomau ya ce, "Gwaggo, ɗan nan na goye..."

"Arzika ne, ubanka. Da Kwargabawa suka gane wanda ya ci amanarsu, Sarkinsu ya rantse sai ya shafe zuriyarsa. Uwar yaron ta rasu a hanyar dawowa. Sai Sarki ya sa aka kawo shi nan a asirce, aka ba mahaifina, aka kuma umarci makaɗa su ce Kaura bai bar ɗa ba. Ina da shekara goma, ina laɓe bayan rumbu na ji komai. Ubanka ya sani, shi ne ma da aka haife ka ya sa aka yi maka irin tsagarsa, har ta bayan kunne, don kada asalinku ya ɓace. Ya ce sai ka yi hankali zai gaya maka, zazzaɓi ya riga shi."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar jakar fata da aka ɗinke bakinta, ta yi baƙi don tsufa. "Wannan aka kawo tare da shi. Ba mu taɓa buɗewa ba, babu mai karatu a gidanmu."

Nomau ya riƙe jakar. Abin da ya fara ji ba alfahari ba ne. Wani nauyi ne da ya saba da shi har ya manta yana ɗauke da shi ya ji ya sauka daga ƙirjinsa. Sau nawa yana tsaye a ƙofa makaɗa suka wuce suna waƙar Kaura, shi kuwa ya jawo rawani ya rufe kumatunsa don kunya! Ya yi dariya, ya share ido, ya sake yin dariya, har tsohuwar ta ce ya bari kada maƙwabta su ce ya taɓu.

Ya kwana a nan, ya kamo hanya da safe. Da rana ta take ya tsaya shayar da goɗiyarsa a wata ƙorama, sai ga wani farke da jakuna biyu ɗauke da kanwa. Mutumin ya nannaɗe fuskarsa da rawani. Ya gaishe shi da sunan sarautarsa, ya duba gabas da yamma, sannan ya sassauta rawanin. Tsaga uku-uku.

Ya ce, "Mun ji wulaƙancin da aka yi maka a gaban jama'a. Sarkin Kwargaba yana gaishe ka. Ya ce jini ba ya ɓata wa nasa rai, kuma wanda ya buɗe masa Zaunau shi zai riƙe masa ita."

Nomau ya sunkuyar da kai kamar mai jin zafin abin da aka yi masa. Ya ce, "An karɓe mabuɗi."

"Masu gadin ƙofar fa?"

"Ni na ɗauke su aiki ɗaya bayan ɗaya. Maganata suke ji."

"To, ranar Juma'a, lokacin da maza suka tafi masallaci. Yariman Kwargaba da kansa zai zo da doki ɗari uku, ya kama ƙofar, rundunar ta biyo baya. Ka sa a rataya jan zane a kan ganuwa in hanya ta buɗe."

Nomau ya ce, "Za ku ga jan zane."

Ranar Laraba, kwana ɗaya kafin wa'adi, ya roƙi Liman ya nema masa ganin Sarki a keɓe. Aka shigar da shi soron ciki, babu kowa sai Sarki da Liman da Madawaki, sai Sarkin Aska da aka aika aka ɗauko. Nomau ya faɗi abin da ya ji daga farko har ƙarshe, Cindo ya ba da shaidarsa, aka duba bayan kunnen. Madawaki ya ce, "Labarin tsohuwa da tabo. Zaki, da wannan za mu ba da gari?"

Sarki ya ce a farke jakar. Liman ya sa wuƙa ya yanke ɗinkin, ya zaro takarda da ta yi ja, ya buɗe ta a hankali don kada ta karye. Ya karanta: wannan yaro Arzika ɗan Kaura Anaruwa ne na cikinsa, amana ne a wuyan wanda ya riƙe shi, kuma duk ranar da shi ko zuriyarsa suka zo fada a san haƙƙinsu. Sarki ya karɓi takardar ya kai ta bakin taga, ya daɗe yana kallon hatimin da ke ƙasa.

Ya ce, "Hatimin kakana ne. Ga inda gefensa ya gutsure. Yana cikin akwatina har yau."

Sai Liman ya yi murmushi ya dubi Madawaki. "Madawaki, kai jikan ƙanwar Kaura ne, ko ba haka kake gaya mana kullum ba? Shi kuwa jikan Kaura ne. Mahaifinka da mahaifinsa ɗan mace da ɗan namiji ke nan. Ashe taubashinka ka so a ƙetarar."

Madawaki ya dubi Nomau. Fuskarsa ta yi wani iri. Can ya tashi, ya zo gaban Nomau ya durƙusa da gwiwa ɗaya, abin da ba a taɓa gani ya yi wa wanin Sarki ba. Ya ce, "Na yi maka ƙazafi a gaban mutane, a gaban mutane zan janye shi. Ka yafe mini, ɗan'uwa."

Nomau ya ɗaga shi. "Na yafe, Madawaki. Amma kada ka janye tukuna." Ya juya ga Sarki ya ba da labarin farken kanwa.

Aka daɗe ana shawara. Liman ya ji tsoron a bar abokan gaba su taka cikin ganuwa. Madawaki ya ce dawar da ke tsakanin ƙofa da gidajen gari ta isa ta ɓoye doki ɗari biyar. Nomau ya ce ƙyauren Ƙofar Arewa mutum shida ke rufe shi, amma in an shafa wa ƙafarsa man shanu huɗu sun isa, kuma zai iya jera 'yan baka a kwance a kan ganuwa ba a hango su daga waje. Sarki ya saurari kowa, sannan ya yanke: a bar maganar takarda a cikin soron nan, gobe a fada a ƙara wa Nomau kwana biyu kamar don tausayi, Madawaki kuma ya ci gaba da zaginsa yadda 'yan leƙen asiri za su ji.

Madawaki ya ce, "Wannan ba wuya, Zaki. Yanzu ma ya halatta."

Ya kuwa yi aikinsa da kyau. Ranar Alhamis ya yi wa Nomau tas a gaban fada, har ya kira shi mai fuskar aro, Nomau na sunkuye yana cizon leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa.

Ranar Juma'a da rana ta kusa tsaka aka yi kiran salla, tsofaffi da marasa ƙarfi suka cika masallaci sanye da manyan riguna. Nomau ya hau ganuwa ya rataya jan zane. Ba a jima ba dawakin Kwargaba suka ɓullo daga cikin kurmi a sukwane, Yarima a gaba cikin sulke, ƙofa kuwa a buɗe. Nomau yana tsaye a gefen ƙyaure yana ƙirga su da ido. Da na ƙarshe ya wuce, ya ɗaga hannu. Mutum huɗu suka tura ƙyauren, ya rufu ba ƙara, aka saka gungumen da ke tokare shi.

Sai 'yan baka suka miƙe a kan ganuwa. Kibau suka sauko kamar ruwan farkon damina, dawakin gaba suka turje, na baya suka hau kansu. Kafin Yarima ya juya linzami, dawa ta buɗe dama da hagu, Madawaki ya fito da 'yan lifida yana kururuwa. Wasu Kwargabawa suka koma kan ƙofa da takubba, nan suka tarar da Nomau da mutanensa goma sha biyu sun ba ƙyaure baya. An sare shi a kafaɗa, bai gusa ba. Ba a kai lokacin da za a dafa tuwo ba aka gama. Madawaki da hannunsa ya fizgo Yarima daga kan sirdi. Rundunar da ke biye ta iso ta tarar da ƙofa a garƙame, ganuwa cike da baka, ta yi cirko-cirko har la'asar, ta koma.

Da aka ɗaure masa kafaɗa, Nomau ya tafi gida. Dogarai sun tashi daga ƙofa. Matarsa ta fito da gudu, 'ya'yansa suka rungume shi ta gefen da ba ciwo. Ya zauna a zaure ya ce a ba shi ruwa, ya sha ƙoƙo biyu, ya jingina da bango ya yi barci a zaune, suna tsaye suna kallonsa.

Bayan kwana uku aka buga tambari, aka cika fada har waje. Liman ya karanta takardar da ƙarfi, Madawaki ya tashi ya janye maganarsa kamar yadda ya yi alkawari, ya ƙara da cewa duk da haka bai ga inda taubashin nasa ya gaji kyan Kaura ba. Aka yi dariya har Sarki. Sannan Sarki Jatau ya ce, "Sarautar Kaura tana ajiye tun zamanin kakana, ya hana a ba kowa, mu kuwa ba mu san dalili ba. Yau mun sani." Aka kawo rawani da alkyabba, aka naɗa Nomau, aka zaunar da shi a hannun daman Sarki. An aika doki a ɗauko Gwaggo Yada, ta ce a gaida Sarki, sai ta gama tsinke gyaɗarta.

Ana cikin gaisuwar naɗi Sarkin Dogarai ya shigo ya faɗi. Ya ce jakadan Kwargaba yana waje, ubangidansa ya janye runduna daga bakin gulbi, yana neman sulhu da fansar ɗansa, kuma ya yarda da duk sharaɗin da Zaunau ta gindaya. Sarki ya ce a shigo da shi.

Jakadan ya shigo cikin babbar riga, ba takalmi, ya faɗi ya zuba ƙasa a ka. Sarki ya ce, "Ba da ni za ka yi magana ba. Sha'anin yaƙi da sulhu yana hannun Kaura." Mutumin ya ɗago kai ya dubi hannun daman Sarki, ya gane wanda ke zaune a wurin. Nomau ma ya gane shi tun daga tafiyarsa.

Ya ce, "Sannu da zuwa. Ina ka baro jakunan kanwar?"

Jakadan ya sake kifa goshinsa a ƙasa. Kaura Nomau ya gyara alkyabba a kan kafaɗarsa mai ciwo, ya ce a kawo wa baƙo tabarma da ruwa, sannan ya fara faɗin sharuɗɗan Zaunau.